Daga Gashin Jimina Zuwa Ɓatan Ungulu: Tarihin Kallon Tsuntsaye da Kare Su a Wajen Kano

Gabatarwa

A cikin watan Janairu na 1824 wani Bature mai suna Hugh Clapperton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi, ya iso birnin Kano ta hanyar Barno. Daga cikin abubuwan da ya rubuta a kan birnin akwai bayanin Jakara, wadda a lokacin fadama ce shimfiɗaɗɗiya da ta kusa raba gari biyu, kasuwar Kurmi na gefenta. Ya ce ya ga agwagin ruwa da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sun cika ta, ga kuma ungulaye, waɗanda ya kushe kamanninsu amma ya yaba aikinsu, domin su ne masu kwashe ƙazantar gari. Wannan ɗan bayani yana daga cikin rubutu mafi daɗewa da muke da shi a kan tsuntsayen Kano, kuma duk wanda ya bi Jakara a yau, daga Kurmi ta Kwarin Gogau har ta fice ta gefen Sabon Gari, ya san babu ko ɗaya daga cikin ukun nan da zai tarar a yadda Clapperton ya gan su.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka kalli tsuntsu a wannan yanki, watau Fagge da Sabon Gari da abin da ke maƙwabtaka da su a Waje, tun daga zamanin ayari har zuwa yau. An zaɓi Waje ne domin nan ne masaukin baƙi, kuma a hannun baƙi aka fara sayen tsuntsun Kano da yawa, aka fara harbinsa domin nazari, aka kuma fara ƙidaya shi. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ilmi iri biyu ne suka zauna kafaɗa da kafaɗa a nan shekaru fiye da ɗari: na Bahaushe da ke cikin sunaye da karin magana, da na baƙo da ke cikin littafi. Rashin haɗuwarsu ya sa tsuntsaye suka yi ta ɓacewa a gaban idonmu ba mu rubuta ko ranar da muka daina ganinsu ba.

Abin da Bahaushe ya riga ya sani

Kuskure ne a ce Bature ne ya koya wa Bahaushe kallon tsuntsu. Wanda ya ce ungulu ba ta jewar banza ya daɗe yana ɗaga kai sama. Wanda ya yi wa hankaka kirari da mai da ɗan wani naka, ko ya ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya, ya lura da sheƙa da ƙwai da irin itacen da ake yin sheƙar a kai. Sunaye kansu shaida ne: ragon maza saboda nauyin jikinsa wajen tashi, babba da jaka saboda abin da ke reto a wuyansa, baiwar Allah saboda yadda take shigowa tsakar gida ta ci tsaba babu mai korarta. Akwai carki mai bin shanu, da cilakowa, da burtu, da zalɓe, da zakaran ƙeƙuwa, da yautai wanda ake camfawa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara irin waɗannan sunaye masu yawa, har da bambancin yadda ake faɗinsu a Kano da Katsina da Sakkwato.

Shamuwa ce ta fi kowa gata. Takan iso ƙasar Hausa dab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan kuka ko rimi ko tsamiya a tsakiyar gari, ta ƙyanƙyashe, sa'an nan idan kaka ta yi ta nufi kudancin Afirka. Manomi yana karanta zuwanta kamar yadda yake karanta hadari, yara kuwa an hana su jifanta. Idan aka duba da kyau, wannan hani dokar kare tsuntsu ce cikakkiya, sai dai ba a rubuce take ba, kuma ba dogari ke tsaron ta ba. Ungulu ma ta sami irin wannan kariya ta wata fuska: ƙyamar da ake yi mata ita ce garkuwarta, tun da ba a cin ta, mahauta kuma ba sa korar ta daga mayanka.

Sha'awar tsuntsu don nishaɗi kawai ita ma tsohuwa ce a wurinmu, amma ta keji da akurki ce: kiwon tattabaru, da ajiye kanari don kukansa, da aku don maganarsa, da gauraka a farfajiyar gidan sarauta ko na attajiri. Ba banza ba ne Abubakar Imam ya ɗora labaran Magana Jari Ce a bakin aku. Abin da ba mu gada ba shi ne a fita da sassafe a nemi tsuntsu a inda yake, a kalle shi, a rubuta sunansa da rana da wuri, a dawo gida hannu wofi kuma a ce an yi dace.

Fagge da cinikin gashin jimina

Ana danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499). Ko ma yaushe aka kafa shi, aikinsa sananne ne: zango ne a bayan ganuwa inda Buzaye da fataken arewa ke sauke raƙuma. Daga cikin kayan da ayari ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus a ƙarni na 19 akwai fata da hauren giwa da gashin jimina. Ana samun gashin daga jiminun dawa na Damargu da Barno da Azbin, da kuma waɗanda ake kiwo a gidaje ana figa. Daga Tarabulus gashin kan wuce Landan da Faris, inda matan masu hali ke ƙawata huluna da shi. A gida kuwa gashin jimina kayan sarauta ne. Figini da takalman gashin jimina na Sarkin Kano har yanzu suna nan.

Wannan ciniki ya jawo wa Kano wasu baƙi masu ban mamaki a 1911. Manoman Afirka ta Kudu, waɗanda su ne kan gaba a duniya wajen kiwon jimina, sun lura cewa akwai wani irin gashi mai kauri da sheƙi da ke fitowa ta Tarabulus wanda ya fi nasu daraja. Gwamnatinsu ta turo wata tawaga a ƙarƙashin Russell Thornton ta nemo tsuntsun da ke ba da shi. Suka yada zango a Kano, suna bincika ƙunshin gashin da fatake ke shigowa da shi, har suka gane cewa daga ƙasar da ke hannun Faransa yake fitowa, arewa da iyaka. Faransawa suka hana fitar da jimina mai rai daga yankinsu. Duk da haka tawagar ta tara jiminu wajen 150, aka kai su Ikko a jirgin ƙasa, kimanin 140 suka isa Kef Tawun da rai a 1912. Shekara biyu bayan haka, a 1914, kasuwar gashin jimina ta rushe a duniya baki ɗaya: yaƙi ya ɓarke, yayin manyan huluna ya wuce. Ita kuwa hanyar Tarabulus ta riga ta mutu, domin a 1911 ɗin nan ne Italiya ta auka wa Tarabulus, a shekarar ne kuma dogo ya iso Kano.

A nan akwai wani abin lura. Yayin ado da gashin tsuntsu, wanda ya ci tsuntsayen dawa bila adadin a duniya, shi ne ya sa wasu mata a Ingila suka kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a 1889, wadda daga baya aka sani da RSPB. Kusan shekara ɗari bayan haka wannan ƙungiya tana cikin waɗanda suka tallafa wa aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru. Ita dai jimina ba ta ci ribar wannan tausayi ba. Ta ƙare a dazuzzukan ƙasar Hausa, ragowar garken da ke Azbin kuma ya salwanta a shekarun 1990, har sai da aka koma kiwon irinta a killace a Kelle, cikin jihar Damagaram, da fatan mayar da ita daji.

Masu bindiga da akwatin fata

Masanan tsuntsaye na farko da suka zo Kano ba kallo ya kawo su ba. A zamaninsu ba a yarda an san tsuntsu ba sai an harbe shi, an feɗe, an cusa wa fatar auduga, an rataya mata takarda a ƙafa. Ernst Hartert, Bajamushe, ya ratsa ƙasar Hausa tare da Paul Staudinger a 1885 zuwa 1886, daga bakin Binuwai zuwa Zariya da Kano da Sakkwato. Daga baya Hartert ya zama mai kula da gidan ajiyar halittu na attajirin nan Walter Rothschild a garin Tirin na Ingila, daga 1892 har 1930.

Wannan gida ne ya turo Angus Buchanan, wanda ya sauka Kano a jirgin ƙasa a ƙarshen 1919, ya kafa tantinsa a Fanisau, 'yan mil kaɗan arewa da Fagge, ya yi makonni yana harbi yana feɗewa kafin ya bi hanyar ayari zuwa Damagaram da Agadas da duwatsun Azbin. Labarin tafiyar ya fito a littafinsa na 1921, Out of the World North of Nigeria, Hartert kuma ya yi bayanin tsuntsayen a mujallar gidan. Har yanzu mai nazarin halittu yakan ci karo da sunan Fanisau a rubuce "Farniso" a jikin tsofaffin takardu. A 1932 Rothschild ya sayar da mafi yawan tarin tsuntsayensa, fatu wajen 280,000, ga gidan ajiyar halittu na birnin Niyok. Ashe ke nan ɗalibin Kano da ke son ganin tsuntsayen da aka harba a Fanisau shekara ɗari da suka wuce sai ya nemi bizar Amurka.

Ba na cikin masu zagin waɗannan mutane. Da fatun da suka tara ne G. L. Bates ya rubuta littafinsa na tsuntsayen Afirka ta Yamma a 1930, David Bannerman kuma ya fitar da mujalladai takwas tsakanin 1930 da 1951, kuma ba domin su ba da masu kallo na baya ba su sami abin dubawa ba. Abin da ke damuna shi ne maharba da 'yan rakiya da suka nuna musu inda tsuntsu ke kwana, suka gaya musu sunansa: iliminsu ya shiga littafi, harshensu bai shiga ba sai jefi-jefi. Tsirrai sun fi dacewa, domin tun 1916 J. M. Dalziel ya fitar da littafin sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa haɗe da sunayensu na kimiyya. Tsuntsaye ba su sami irin wannan gata a wancan zamani ba.

Zamanin madubi da zobe

An kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Da shi da Fagge ta Kudu, inda Kwarori suka kafa kantuna, da unguwannin Turawa na Nasarawa da Bompai, sai Waje ya zama wani gari daban. Ta fuskar tsuntsaye canjin ba duka hasara ba ne da farko. Ramukan da aka haƙa don ginin ƙasa sun zama kududdufai, an dasa darbejiya a bakin tituna, lambuna sun bi gaɓar Jakara ta Kwakwaci zuwa gaba, rufin kwano da dogayen gine-gine sun ba hasbiya da tsattsewa wurin sheƙa, mayanka da kasuwa kuma sun tara ungulu da shirwa da hankaka.

A cikin wannan sabon gari ne kallon tsuntsu irin na zamani ya sami gindin zama, a hannun ma'aikata da malamai 'yan ƙasashen waje masu fita da madubin hangen nesa ranar hutu. A 1964 uku daga cikinsu suka kafa Ƙungiyar Masana Tsuntsaye ta Nijeriya: John Elgood na Jami'ar Ibadan, da Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Robert Sharland, wani akanta da ya yi shekaru masu yawa a Kano. Ƙungiyar ta riƙa fitar da 'yar mujalla har 1978; a 1979 ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma gaba ɗaya, mujallar kuma ta koma suna Malimbus, ana buga ta da Ingilishi da Faransanci. Sharland ya daɗe yana riƙe da baitulmalin ƙungiyar, shi ne kuma mai tattara rahoton sanya wa tsuntsaye zobe a Nijeriya shekara-shekara.

Ya kamata a ɗan yi bayanin wannan aiki na zobe, domin shi ne ya fi kowane ba da mamaki. Akan kafa wata raga mai laushi, wadda tsuntsu ba ya gani, a bakin ruwa ko inda tsuntsaye ke kwana. Wanda ya faɗa sai a ciro shi, a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a maƙala masa ɗan zoben ƙarfe mara nauyi mai lamba da adireshi a ƙafa, a sake shi. Idan wani ya sake kama shi ko ya tsinci gawarsa a wata ƙasa ya aiko da lambar, an san tafiyarsa ke nan. Ta haka aka tabbatar cewa ɗan tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa a ciki, mai kaɗa wutsiya yana bin ƙafafun shanu a fadamun Kano da rani, wanda masana ke kira Motacilla flava, a Turai yake ƙyanƙyasa. Wani bincike da Fry da abokansa suka yi a Malamfatori, bakin tafkin Cadi, a 1967 ya nuna yadda irin waɗannan ƙananan baƙi ke tara kitse kafin su tashi, wasu har nauyinsu ya kusa ninkawa, domin su ƙetare hamadar da ta kai kilomita 2,000 babu ci babu sha. R. E. Moreau, a littafinsa na 1972, ya ƙiyasta cewa tsuntsaye miliyan 5,000 ke shigowa Afirka daga arewa kowace shekara. Masana na baya sun rage adadin, amma ko a nasu lissafin ya haura miliyan 2,000.

Wannan dangantaka ta fito fili a 1969, lokacin da masu ƙidaya a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, Sylvia communis, ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Da aka bincika sai aka gano cewa farin da ya fara a yankin Sahel ne ya kashe su a masaukinsu na rani. Watau tsuntsun ya ba da labarin fari a Turai shekara huɗu kafin yunwar 1973 ta kai intaha a ƙasar Hausa.

A ƙarshen shekarun 1970 Roger Wilkinson ya zo koyarwa a Jami'ar Bayero. Shi da Sharland suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a Malimbus a 1981, lokacin jihar ta haɗa da Jigawa ta yau. Shi da David Aidley kuma suka yi nazarin ƙananan tsuntsaye masu ƙaura a ciyayin bakin madatsar ruwan Jakara, can wajen Wasai, inda ruwan da ya ratso Fagge da Sabon Gari ke taruwa. Jerin 1981 shi ne ma'aunin da za a iya gwada Kano ta yau da shi. Amma da Ingilishi da Latin aka rubuta shi, a mujallar da ba ta shiga makarantun firamare ko na horon malamai ba. Kuma da baƙin suka koma ƙasashensu a shekarun 1980, sai aikin ya yi sanyi a Kano, don ba a bar magada da yawa ba.

Doka a takarda, tsuntsu a keji

Dokokin kare namun daji sun daɗe a ƙasar nan. Akwai ta Turawa ta 1916, da ta Jihar Arewa ta 1963, da dokar soja mai lamba 11 ta 1985 wadda ta hana ko ta taƙaita cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. An kafa Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, NCF, a 1980. A 1987 aka fara aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda madatsar Tiga ta 1974 ta riga ta rage musu ambaliya, ta Challawa kuma ta ƙara a 1992. A 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya. Can ne dinya da kirinjijiya da agwagin Turai ke taruwa dubu-dubu da rani, irin taron da Clapperton ya ga ƙaraminsa a Jakara.

Duk wannan ƙoƙari a daji da fadama aka yi shi. Birni an bar shi da kasuwa. A shekarun 1990 masu binciken fataucin namun daji sun ambaci Kano, da kasuwar Sabon Gari da filin jirgin sama, a matsayin hanyar da ake bi da aku zuwa ƙasashen waje. Aku mai toka-toka da jar wutsiya ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne. Daga kurmin Kudu da Kamaru ake kamo shi, da yawa kuma sukan mutu a hanya. Sai a 2016 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Gauraka ma haka: ana ɗaukarsa tsuntsun ƙasa a Nijeriya, amma kamu don ado da bushewar fadamu sun sa ganinsa a dajin ƙasar nan ya zama abu mai wuya ƙwarai, alhali ana iya ganinsa a farfajiyar gida da yankakken fiffike. Zangon da ya sayar da gashin jimina bai bar sana'arsa ba, haja kawai ya canza.

Ungulu

Duk wanda ya yi wayo a Fagge kafin shekarun 1990 ya san Abbatuwa da ungulayenta: jere a kan katanga da rufin kwano, suna tsalle a tsakanin ƙafafun mahauta, suna rububin tumbi da kare. Babu wanda ya ƙirga su, don babu wanda ya zaci abin da ya yi yawa haka zai iya ƙarewa. Ko a Sakkwato, inda Peter Mundy da Allan Cook suka yi nazarin sheƙunanta a farkon shekarun 1970, tsuntsuwar gari ce da ake gani ko'ina. Yau mutum zai wuni a bakin Abbatuwa ya ga shirwa da hankaka da balbela, da wuya ya ga ungulu ko ɗaya.

Ba Kano kaɗai abin ya shafa ba. Wani nazari da Darcy Ogada da Ralph Buij suka buga a 2011 ya ƙiyasta cewa ungulun gari, Necrosyrtes monachus, ta ragu da kimanin kashi 62 cikin ɗari a faɗin Afirka. A shekarar aka sa ta cikin tsuntsayen da ke cikin haɗari, a 2015 kuma hukumar IUCN ta ɗaga ta zuwa matakin da ke dab da ƙarewa. Dalilan da aka gano sun haɗa da guba, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai, da canjin yadda ake zubar da ragowar yanka, tun da yanzu kusan babu abin da ake yarwa daga jikin dabba. Amma a Nijeriya babban dalili shi ne cinikin kanta da ƙafafunta da ƙwanta domin magani da tsafi. Gerhard Nikolaus ya yi bayanin wannan kasuwa a Malimbus a 2001, Yohanna Saidu da Buij kuma suka bi sawunta a garuruwan Arewa a 2013. Da ta yi ƙaranci a gida sai aka koma shigo da ita daga maƙwabta. Ita kuwa ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, saboda haka abin da aka ɗiba ba ya mayuwa da sauri.

Ƙyamar da ta tsare ta shekaru aru-aru ba ta iya tsare ta daga kuɗi ba. Ga malamin harshe kuma akwai wata hasarar: na sha koyar da karin magana ga ɗaliban da suka iya kawo "ungulu da kan zabo" a jarrabawa daidai, amma ba su taɓa ganin kan ungulu ba balle su gane inda kamar take. Karin maganar tana nan a baki, hoton da ya haife ta ya tafi. Ita ma Jakara an ɗaure ta da kankare, an fara shimfiɗa titi a kanta a zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu (2011–2015), kududdufan Waje da yawa kuma an cike su an yi gini.

Sababbin masu kallo

Magadan da Kano ba ta samu ba a 1980 sun fito daga wata ƙofa. A 2001 aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, APLORI, a dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta yaye ɗaliban digiri na biyu daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, wasunsu yanzu malamai ne a jami'o'in Arewa. A 2015 cibiyar ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An rarraba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye 9 a kwance. Mai sa kai yakan shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk irin tsuntsun da ya gani ko ya ji, ya aika ta manhajar wayar hannu. A Arewa matasa sun kafa rukuninsu mai suna Arewa Atlas Team, kuma a karo na farko mafi yawan masu riƙe da madubin 'yan ƙasa ne, masu jin Hausa.

Wannan tsari bai ware birni ba: gidan taswirar da Fagge da Sabon Gari suka faɗa ciki daidai yake da na dajin Falgore a wurin lissafi, kuma rubuta cewa ba a ga ungulu ba shi ma bayani ne. Sai dai jerin sunayen da ke cikin wayar na Ingilishi da Latin ne, kamar na Sharland. Aikin da ya rage na masu nazarin Hausa ne tare da masana halittu: a zauna da tsofaffin maharba da mahauta da masu lambu na gaɓar Jakara, a daidaita kowane suna da tsuntsunsa, a tantance inda suna ɗaya ya rufe iri biyar, kamar yadda tsattsewa ke yi, da inda Kano da Sakkwato suka saɓa. Ƙananan baƙin nan masu ƙetare hamada, waɗanda akasari ake haɗe su a ce 'yan tsuntsaye kawai, za su bukaci a ƙirƙira musu suna, kamar yadda aka yi wa kalmomin nahawu da na kimiyya a tarurrukan Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. Mahautan da suka yi aiki a Abbatuwa lokacin da ungulu ke sauka a kan katangarta suna nan da ransu, amma mafi yawansu sun haura shekara sittin.